Masu Hawan Keke A Ƙasar Gumel, Kowa Da Irin Tafiyarsa

Duk wanda ya tsaya bakin hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis da sassafe, watau ranar da kasuwar Maigatari ke ci, zai ga kekuna fiye da yadda yake zato. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun jingine babur, sun koma kan tsohon keken da ya yi ƙura a zaure. Mun zauna mun dube su, muka ga ashe keke ɗaya ne, amma mahayansa kowa da halinsa.

Malamin ofis da na makaranta su ne masu natsuwa. Malam ya naɗe babbar riga bisa kafaɗa, ya ɗaure ƙafar wando don kada sarƙa ta ci, yana tafe sannu kamar mai rakiyar ango. Laifinsa guda, gaisuwa. In ya haɗu da abokinsa sai su tsaya tsakiyar titi, ƙafa ɗaya a ƙasa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, mota kuwa sai ta san inda ta bi.

Mai kaya daban ne, kuma muna tausaya masa. Ya taso tun asuba daga ƙauyukan Sule Tankarkar ko na Gagarawa, da buhun gero ko riɗi a kariya, wani lokaci har da akurkin kaji a sama. Ƙasarmu ta rairayi ce, gefen hanya ba ya tukuwa, ga ƙaya mai kai mutum wurin mai faci. Tilas ya hau kwalta, inda manyan motocin shanu ke wucewa. Kaya sun tare masa baya, ba ya iya waiwaye, in iskar mota ta buge shi sai ka ga keke yana layi. Direban da ya ga irin wannan, hakki ne a kansa ya ba shi fili.

Na samari ba sai mun faɗa ba. Sakin hannu, goyon mutum biyu, birki kuwa takalmi ne a kan taya.

Amma wanda ya fi ba mu tsoro shi ne mai bin hannun hagu, yana fuskantar mota. Masu karatu na iya tunawa, ran 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu, wanda ta gada daga Ingila, ta koma dama kamar Nijar da sauran makwabtanta. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma har yanzu akwai dattijon da ƙafarsa ba ta yarda ba, jikansa kuma ya koya daga gare shi. In ka yi masa magana sai ya ce gara ya ga abin da ke tafe da idonsa. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta ba. A ce mota na gudun kilomita 60, keke na 15. In hanyarsu guda, motar tana cim masa da gudun 45 ne. In sun fuskanci juna kuwa, 75 ke nan, lokacin taka birki ya ragu, bugun kuma ya ƙaru. Sa'an nan direban da zai fito daga lungu ya karya dama, hagu yake duba, don daga can ya san mota za ta zo. Mai keken da ya ɓullo masa ta dama, ba ya cikin zatonsa ko kaɗan.

In dare ya yi abin ya ƙara muni. A zamanin En'e keke yana da lambar lasin, ɗan doka kuma yakan kama wanda ya hau ba fitila. Ba mu ce a mai da wancan zamani ba, gama an sha wuya a cikinsa, amma dai fitila ta ɓace tare da shi. Yanzu wani tocila yake cizawa a baki, wani ya haska wayarsa, yawanci kuwa ba kome. Da maraicen Alhamis, ana dawowa daga kasuwa cikin hazon hunturu, mai baƙar riga a kan baƙin keke ba ya ganuwa sai an zo kansa.

Muna roƙon malaman makarantun Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, gobe da safe su zaga gindin bishiyar da yara ke jingine kekuna, su matsa birkin kowane ɗaya, su kuma tambayi mai shi ta wane hannu ya biyo.