Shuɗiyar Ƙaguwa da Ruwanmu na Sanyinna

A shekarar 2014 masuntan gaɓar Gabes, a kudancin Tunisiya, suka fara jawo komarsu suna tarar da ita a yayyage, kifin da ke ciki kuma an cinye rabinsa. Mai wannan aika-aika wata ƙaguwa ce mai shuɗayen ƙafafu wadda ba su gaji gani ba, kuma tsananin ɓarnarta ya sa suka laƙaba mata Da'ish. Asalinta yankin Tekun Indiya ne. Ta biyo mashigin Suwez da aka buɗe a 1869, ta shafe fiye da ƙarni tana matsowa yamma kafin ta iso musu.

Tana da 'yar'uwa da ta fi ta suna, wadda masana ke kira Callinectes sapidus. Gidan wannan shi ne gaɓar gabashin nahiyar Amurka, tun daga Kanada har Ajantina, kuma a bakin ruwan Chesapeake dukiya ce da dubban mutane ke ci da iyalinsu. Jiragen dakon kaya ake kyautata zaton sun ƙetare da ita, domin sukan ɗebi ruwan teku a cikinsu don daidaita nauyi, su je wata tasha su zubar, da duk abin da ke ciki. An fara ganinta a gaɓar Faransa wajen 1900, ta yi shekaru ba a damu da ita ba. A 2012 ta bayyana a bakin kogin Ebro na Sifaniya, a 2023 kuma ta afka wa gonakin katantanwar ruwa a bakin kogin Po, har gwamnatin Italiya ta ware Yuro miliyan 2.9 don a rage ta.

Wanda ya san ƙaguwar bakin gulbinmu, mai tafiya a karkace tana shigewa rami, zai yi mamakin wannan ƙaguwa ta Amurka. Ƙafafunta goma ne kamar tamu, amma biyun ƙarshe sun baje kamar filafilin kwalekwale, don haka iyo take yi sosai. Faɗin ƙoƙon bayanta yana iya haura santimita 20. Ba ta zaɓen abinci: kifi, katantanwa, ciyawar ruwa, mushe, har ƙananan 'yan'uwanta. Da yake ƙoƙon ba ya girma, sai ta yi ta saɓa kamar maciji, kusan sau ashirin a rayuwar da ba ta cika wuce shekara uku ba. Macen sau ɗaya take barbara, a saɓarta ta ƙarshe, lokacin da jikinta ke da taushi, namijin kuma ya rungume ta yana tsaronta har ƙoƙon ya yi ƙwari. Daga wannan haɗuwa guda tana iya ɗaukar ƙwai kimanin miliyan 2 a ƙarƙashin cikinta a zubi ɗaya.

To, ko za ta iya isowa fadamun Sanyinna da Kebbe, a jihar Sakkwato? Tambayar ba ta banza ba ce, tunda ruwan ƙasar nan, na Gulbin Rima da na Gulbin Zamfara, duk Kogin Kwara yake faɗawa, shi kuma ya zarce teku. Babbar ƙaguwar ma tana jure ruwan daɗi, tana hawa koguna. Abin da ya ɗaure ta shi ne haihuwa. Idan macen ta ɗauki ƙwai, dole ta gangara inda gishiri ya yi yawa, saboda abin da ke ƙyanƙyashewa wasu 'yan mitsi-mitsin tsutsotsi ne da ke yawo a ruwan teku na tsawon makonni kafin su ɗauki kamar ƙaguwa, kuma a ruwan daɗi mutuwa suke yi. Tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomita, ga madatsun Jebba da Kainji a gicciye. Ko wani ya zuba ta a tafki a nan, za ta tsufa ta mutu ba zuri'a. Dalilin ke nan da ya sa danginta na Afirka ta Yamma, waɗanda ake kamawa a ruwan Legas ana kai wa kasuwa, ba su taɓa zama a arewa ba. Tamu ta gulbi kuwa ƙwai kaɗan take yi, manya, 'ya'yan su fito da cikakkiyar kamarsu, ba ruwansu da teku.

Wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin baƙon da ke hayayyafa a ruwan daɗi ba shi da wannan dabaibayi. Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah, amma baƙuwar kainuwa mai furen shuni, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, hannun mutum ne ya yaɗa ta a duniya don kwalliya. Ta bayyana a ruwan Legas a 1984, kafin 1990 ta kai tafkin Kainji, tana toshe hanyar kwalekwale tana naɗe koma. A Zambiya wani babban jatan lande na Ostireliya da aka shigo da shi don kiwo ya kuɓuce ya cika kogin Kafue, yana cin kifin da ya faɗa a komar masunta. Yau kiwon kifi yana bunƙasa a jihar Sakkwato, ana sayo iri daga nesa, kuma ambaliyar damina ɗaya ta isa ta haɗe kududdufin kiwo da gulbi.

Mutanen Tunisiya daga baya sun koyi kama ƙaguwarsu da tarko, suka kafa masana'antu suna fitar da ita Asiya da Turai. Amma su suna da teku da tashar jiragen ruwa da ɗakunan sanyi. Basarken da ke neman tarwaɗa da karfasa a tafkin Romo, ko mai shiga ruwa a Argungu, ba shi da wannan mafita. Abin da yake da shi ido ne, don shi ne zai fara ganin halittar da bai sani ba a cikin gorarsa. Ya kamata jami'an kula da kamun kifi su tabbatar kowane Sarkin Ruwa a Tambuwal da Kebbe ya san wanda zai kai wa irin wannan halitta a ranar da aka kama ta, kuma duk mai shigo da sabon iri don kiwo a san abin da ya ɗauko kafin ya zuba a ruwa.