Zaƙin da Ba Ya Jin Jiƙo

A ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, da zarar ciki ya shiga wata bakwai sai tsofaffi su fara haɗa wa mace maganin zaƙi, wai don kada naƙuda ta yi tsawo. Niyyarsu mai kyau ce. Sai dai zaƙin da ke cutar da ɗan tayi a cikin jinin uwa yake, jiƙo ba ya wanke shi, kuma ɓarnarsa mafi muni tana faruwa ne tun kafin mace ta tabbatar tana da ciki.

Zuciyar tayi tana fara bugawa wajen mako uku da shigar ciki. Kafin kwana 28, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya rufe. Kamar ginin tukunya ne: tun yumɓu na ɗanye ake ba shi siffa, in ya bushe a karkace sai haƙuri. Idan suga ya yi yawa a jinin uwa a waɗannan makonni, haɗarin ɓari da nakasar zuciya ko laka yana ƙaruwa. Mu kuwa a wannan lokacin ne ake ɓoye ciki saboda kunya, ba a zuwa awo sai ya fito fili.

Abin bai tsaya kan ɗa ɗaya ba. Tun shekarun 1970, Aerts da Van Assche na Jami'ar Leuven a Beljiyam suka riƙa sa wa ɓeraye ciwon suga suna bin zuri'arsu. Ɓera na haihuwa cikin mako uku, don haka ana ganin jikoki da wuri. 'Ya'ya matan sun tashi kamar lafiya lau, amma da suka ɗauki ciki sai sugansu ya hau, 'ya'yansu ma suka taɓu. Zaman da suka yi a mahaifa ne ya sauya yadda jikinsu ke sarrafa suga. Ɓera ba mutum ba ne, amma a ƙabilar Pima ta Amurka an ga makamancin haka: yaran da aka haifa bayan uwa ta kamu sun fi yayyensu kamuwa da ciwon.

Shi ya sa ƙaton jariri mai fiye da kilo 4 da muke yi wa tubarkalla yake bukatar a duba uwarsa. Sugan uwa na ratsa mabiyiya, jaririn ya yi ta tara kitse, haihuwa ta yi wuya.

Mace mai ciwon suga ta daidaita shi tun kafin ta ɗauki ciki, ta fara shan folik asid bisa shawarar likita. Sauran mata a gwada jininsu tsakanin mako 24 da 28, domin gwajin fitsari kaɗai ba ya wadatarwa. Na'urar gwajin ba ta fi tafin hannu ba. Ƙaramar hukumar da ke iya sayen motocin alfarma ba ta da hujjar barin ɗakin awo babu tsinken gwaji.