Sankarar hanji da gudan jini: abin da mai jinya ya kamata ya sani

Mai fama da sankarar babban hanji yana tsakanin haɗari biyu. Jininsa na iya daskarewa a jijiya, ƙarin da ke hanjin kuma na iya zubar da jini. Tun a 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana cewa sankara na jawo gudan jini. Kemoterapi, tiyata da doguwar kwanciya suna ƙara wannan haɗari. Gudan yakan fara ne a ƙafa, in ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, rai na iya salwanta nan take.

Magungunan gudan jini iri biyu ne. Akwai masu narkar da shi kai tsaye, irin su alteplase, waɗanda ake amfani da su in abu ya yi tsanani, ko in bututun da ake ɗura kemo ya toshe. Akwai kuma masu tsinka jini, irin su heparin, warfarin da apixaban. Su hana gudan girma suke yi, jiki ya narkar da shi a hankali.

Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan masu sankara ya nuna cewa gudan ya dawo wa kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar dalteparin, wani nau'in heparin, amma kashi 17 ga masu shan ƙwayoyi irin su warfarin. Ga wata matsalar kuma: capecitabine, ƙwayar kemo da ake yawan ba masu sankarar hanji, tana ƙara wa warfarin ƙarfi har jini ya ɓarke. In dole a haɗa su, sai da gwajin jini a kai a kai.

Yawancin heparin daga hanjin alade ake samo shi. Malamai da dama sun halatta shi bisa larura, kuma akwai fondaparinux da ake haɗawa ba daga dabba ba. A tambayi likita, kar a daina allura a ɓoye.

Mai jinya, ka nuna wa likita duk abin da majinyaci ke sha, har da jiƙo da sassaƙe. Aspirin, ibuprofen da diclofenac na kemis suna ƙara zubar jini. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko haɓo ya ƙi tsayawa, a garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne.