Madarunfa: Babbar Intakula Ba Ita Ce Maganin Zafi Ba

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Madarunfa, masu Toyota Hilux mai turbo kan lura mota ta yi kasala a hanyar Ɗan Isa. Dalili sananne ne: turbo na matse iska har zafinta ya haura digiri 100, iska mai zafi kuwa ba ta ƙona gazuwal yadda ya kamata. Aikin intakula shi ne ta sanyaya ta kafin ta shiga inji.

Daga nan sai ɗan kasuwa ya aika Ƙofar Ruwa, a Kano, a sayo masa wadda ta fi ta asali girma. Nan ake yin asara. Idan aka kafa ƙatuwa a gaban radiyater, sai ta tare masa iska, inji ya dinga tafasa cikin rairayi. Turbo kuma ya daɗe bai cika ta ba, mota ta yi nauyin tashi.

Sau da yawa ma tsohuwar lafiyarta lau, ƙurar hunturu ce ta toshe ta. A wanke ta tukuna. In kuwa saye ya zama dole, kafin a biya ko dala, makanike ya toshe bakunanta biyu, ya hura mata iska, ya shafa ruwan sabulu. Inda kumfa ta taso, nan take yoyo.