Zumunci A Ƙafa Ya Ke: Darasin Kirsimeti Daga Kafanchan

Da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko a kan duwatsun Kagoro, sai garin Kafanchan ya fara cika da baƙi. Tun shekarun 1920, lokacin da hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal ta rabu biyu a nan, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos, garin ya zama mahaɗar matafiya. Yanzu motoci ne su ke kwaso 'yan ƙasar daga Legas da Abuja da Kano, su sauke su a tasha, kowa ya kama hanyar ƙauyensu, wasu Zonkwa, wasu Kwoi, wasu Manchok.

Yawancinsu su kan iso ne ana jajiberin Kirsimeti, a ci shinkafa da nama, a tsaya kallon bikin Afan da a ke yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, sa'an nan kowa ya koma bakin aikinsa. To, amma sau da yawa wanda aka zo dominsa ya riga ya sha wahalarsa shi kaɗai.

Labarin da Kiristoci su ke tunawa da shi a wannan lokaci yana cikin sura ta 1 ta Bisharar Luka, kuma a majami'un Katolika a kan karanta shi ranar 21 ga Disamba. Mala'ika Jibra'ilu ya sanar da Maryamu cewa za ta haifi Yesu, ya kuma gaya mata 'yar'uwarta Alisabatu, wadda ta tsufa ba ta taɓa haihuwa ba, tana da ciki wata shida. Ba wanda ya aiki Maryamu, Alisabatu ma ba ta kira ta ba. Duk da haka ta tashi da gaggawa daga Nazarat zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya, tafiyar fiye da kilomita 100, ta zauna da tsohuwar kamar wata uku, ga ta kuwa da nata cikin.

A kudancin Kaduna akwai irin su Alisabatu da yawa. Ƙarshen shekara lokacin kaka ne, ana haƙar citta da doya, ana sussukar dawa, aikin da ya fi ƙarfin dattijon da 'ya'yansa su ke birni. Sanyin hunturu kuwa ya kan tayar wa tsofaffi da tari da ciwon gaɓoɓi. A shekarar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kaciya da Jaba da kewaye, manoma da dama suka tashi hannu banza. Akwai kuma gidajen da rikici ya bar su da gwauraye da marayu. Mutanen Goska, kusa da Kafanchan, ba za su manta da daren 24 ga Disamba na 2016 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kai musu hari, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje.

Ga irin waɗannan bayin Allah, buhun shinkafar da aka kawo ranar biki abin godiya ne. Sai dai kuɗin maganin da aka aiko tun farkon ciwo ya fi shi amfani, haka nan ɗan da ya zo da sauran mako biyu ya gyara jinkar da ta zube, ya kai mahaifiyarsa asibiti kafin ma'aikata su ragu saboda hutu.

Matan ikilisiya sun daɗe da gane haka. A majami'un ECWA da Katolika da Baptist da Angilikan, 'yan Zumuntar Mata ba su jiran a kira su. Su kan ji wance ta haihu ko an yi mata rasuwa, sai su ɗaura zane su tafi da itace da ruwa da gari, su hura wuta su yi girki.

Saboda haka duk wanda ya ke shirin zuwa gida bana, ya kamata ya fara tambayar wanda ba shi da lafiya da wanda rumbunsa ya ke fanko, kafin ya je wurin tela. In tafiya ba ta samu da wuri ba, ya aika da saƙo ta hannun amintacce, ya kuma buga waya ya ji ko ya isa. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, amin.