Malamin Faransanci da Manomin Doya

Wanda ya bi hanyar Paiko a farkon damina ya ga yadda Bagwari ke tara ƙasa tuli-tuli, ya binne irin doya, sannan ya kafa wa kowane tuli sanda. Aikin malamin Faransanci a Kwalejin Ilimi ta Minna bai da nisa da wannan.

Ɗalibin da ya zo neman NCE shekara uku ce a gabansa, kuma sau da yawa abin da ya taho da shi daga sakandare bai wuce gaisuwa ba. Malam zai fara daga tushe: lanƙwasa aikatau, rarrabe namiji da mace ko a sunan tebur da kujera, da wasulan nan na hanci masu ba harshen Bahaushe wahala. Wannan shi ne tara ƙasa, aikin da ke karya baya kuma ba mai yaba maka.

Sandar ita ce bakin malamin kansa. Yaɗon doya in bai sami abin hawa ba, a ƙasa yake rarrafe, saiwar ta tsumbure. Yaro ya fito aji, daga Tunga har Bosso Hausa zai ji da Nufanci da Gwaranci da Turanci, ba mai ce masa uffan da Faransanci. Dole malam ya yi ta magana, ya sa su yi, su yi kuskure a gyara ba tare da an kunyata kowa ba. Ga duban takardun jarrabawa, ga bin ɗalibai makarantun da aka tura su gwajin koyarwa, ga shirya su zuwa Ƙauyen Faransanci na Badagry da aka kafa a 1991, inda ake so su kwana su tashi cikin harshen.

Doya a ɓoye take girma. Mai tona ta kullum don ya ga inda ta kai ɓata ta yake yi, shi ya sa ba na auna malamin harshe da makin zango ɗaya.

Wahalar nan ba ta banza ba ce. A 1996 Janar Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu. Benin da Nijar da Chadi da Kamaru duk da shi muke hulɗa da hukumominsu, kuma Borgu ta jiharmu tana kan iyakar Benin. Don haka ya kamata gwamnati ta ƙara ɗaukar malaman Faransanci, ta kuma rage cunkoson aji.