Idan Ka Iske Haɗari A Hanya

Wata ranar kasuwa ina dawowa daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, muka tarar da motar haya ta kife a gefen titi. Kafin in sauko, jama'a sun riga sun jawo wani saurayi ta taga, biyu sun kama hannuwa, biyu ƙafafu, kansa yana reto. Wani ya kawo buta zai ɗura masa ruwa. Dukansu alheri suke nufi, amma gabana ya faɗi.

Ya mai karatu, ka tuna Basamariyen nan na cikin Luka sura 10? Sai da ya ɗaure raunukan tukuna, sa'an nan ya ɗora mutumin bisa dabbarsa. Mu kuwa ɗauka muke fara yi.

Ga abin da ya sa wannan yake da hatsari. Cikin ƙashin baya akwai laka, ita ce take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. In ƙashin wuya ya tsage aka lanƙwasa shi, lakar tana iya tsinkewa, mutumin da da zai warke ya shanye har ƙarshen ransa. Domin haka kada a jawo shi sai in wuta ta kama. In ɗauka ta zama tilas, a nemo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum guda ya riƙe kan daidai da jiki, a ɗaga gaba ɗaya.

Jini fa ba ya jira. Ka ninka tsumma mai tsabta, ko kallabi, ko rawani, ka danne raunin da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙe. Ƙasa da toka da man birki ba magani ba ne. Ruwan sha ma a hana, gama yana iya shaƙe wanda ya suma, ya kuma kawo matsala in za a yi tiyata.

A kashe injin, a jera ganye nesa a kan titi gaba da baya, a kori mai taba. Wani ya buga 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, ya faɗi sunan ƙauyen da ke kusa. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa.

In tankar mai ce, wannan wata magana ce dabam: ku gudu, ku ja yaranku. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, cikin Oktoba 2024, fiye da mutum 150 suka ƙone, yawancinsu ɗibar fetur suka je.

Saurayin nan dai, da ƙyar wani dattijo ya tsawata aka ajiye butar. A kan katakon benci muka kai shi Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ni ne riƙe da kansa.